Ɗiyar Fari, Lamba 219

Hoton zuciyar ya iso teburin Dakta Sa'adiya Kassimu ranar Talata da hantsi, wata huɗu da kwana shida bayan an ɗauke shi. Dakta Marwan ne ya kawo da kansa. Shi kaɗai ne likitan zuciyar da ke karanta hotunan binciken, kuma yana yi ne a ɗan tsakanin da marasa lafiya suka bar masa, shi ya sa suka taru masa har suka haura ɗari. Bai zauna ba. Ya ɗora takardar a kan jarrabawar ɗalibai da take dubawa, ya sa yatsa a kan lambar da ke sama.

"Wannan tana ina?"

Shekara uku ke nan Sa'adiya, malama a sashen lafiyar al'umma na jami'a a Sakkwato, tana bin matan Sabon Birni da Isa don ta gano abin da ke sa zuciyar wasu ta buɗe ta yi rauni bayan haihuwa. Mata ɗari huɗu da goma sha biyu ta rubuta tun suna zuwa awon ciki. A makon haihuwa a ɗauki hoton zuciyar mace da wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jaka, bayan mako shida kuma a bi ta gida a tambaye ta wankan jego da zafin ruwansa, da kunun kanwa da yawan da take sha, da yadda numfashinta yake. Rahoton ya kammala. Shugaban sashen, Farfesa Maliki, yana so a aika wa mujalla ranar Juma'a, kafin kwamitin ƙarin girma ya zauna.

Ta buɗe kwamfuta ta nemo lamba ɗari biyu da goma sha tara. Ikramu Lawwali, shekara ashirin da biyu, haihuwar fari. Gidan miji a Unguwar Lalle, gidan iyaye a Kamarawa. A gurbin ziyarar mako shida an rubuta: ba a same ta ba.

"Mai lafiya tana tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu," in ji Marwan. "Wannan kashi ashirin da takwas cikin ɗari take turawa. A lokacin ke nan. In tana da rai, tun wata huɗu da suka wuce take buƙatar magani. In kuma ta sake ɗaukar ciki a haka, ba sai na gaya miki ba."

Ta kira lambar da ke fayil ɗin, ta mijin ce, a kashe. Ta sake kira bayan azahar, a kashe. Da la'asar ta shiga ofishin Farfesa.

"Mutum goma sha ɗaya kika rasa cikin ɗari huɗu da sha biyu," ya ce, yana goge tabarau da bakin hularsa. "A wannan ƙasa da rabin ƙauyukanta ba sa shiguwa. Ko Turawa suka samu haka sai sun yi walima. Ki aika wa wani a Isa ya duba ta."

"Kwantiragin ma'aikatanmu ya ƙare tun wata biyu da rabi, Farfesa. Za ni da kaina."

"Kin san hanyar nan kuwa?"

"Na san ta."

Ya mayar da tabaransa. "To, Juma'a dai Juma'a ce."

Washegari Wada, direban sashen, ya ɓare tambarin da ke ƙofar motar tun da safe, don kada ta yi kama da motar ƙungiya. Suka bi ta Goronyo. A wurare biyu ya tsaya a gefen titi tare da direbobin haya, ana jiran motar da za ta ɓullo daga gaba ta ce hanya lafiya. Ba a hira a irin wannan jira. Kowa yana kallon kwalta yana shan ruwan leda. Ƙarshen bazara ne, an share gonakin bakin titi ana jiran ruwa, waɗanda ke can kusa da daji kuwa karan bara na tsaye a cikinsu, ba wanda ya je ya sare. Sai ƙarfe goma da rabi suka shiga Isa.

"Ƙarfe biyu ta yi mana a cikin mota, Likita," in ji Wada. "Ni dai ba ni kwana ƙauye."

Malama Zainaba tana zaune a bayan kasuwa, a gidan da ta gina da ta bar aikin ungozoma. Ita ce ta yi wa binciken ziyarar gidaje a ɓangaren Isa. Suka tarar tana shanya kuɓewa a kan tabarma. Ta ɗago ta kare ido da hannu.

"A'a, Likita da kanta! In ce dai ba jami'a ta ƙone ba?"

Suka gaisa. Sa'adiya ta ce lamba ɗari biyu da sha tara take nema.

"Ni ban san lamba ba. Gaya min mutum."

"Ikramu, ta Kamarawa."

"Ɗiyar Malam Lawwali. Gida na ukku bayan rijiya. Mi ya hwaru?"

"Kin san gidan?"

"Sau biyu ina zuwa. Har hura na sha."

"Amma kin rubuta ba a same ta ba."

"A'a, ɗiyata, ni ban rubuta ba. Na'urarki ta rubuta."

Zainaba ta jawo mayafi ta shiga motar ba tare da an roƙe ta ba. A hanya ne ta yi bayanin, idonta a waje, kamar mai ba da labarin farashin gero.

Dokar, Sa'adiya ce ta rubuta ta da hannunta. A shekarar farko wata ma'aikaciya ta tsaya a ƙofar wani gida ta ƙwala wa mace kira da sunanta, ta ce an zo ne a kan gwajin jininta. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka matar ƙanjamau gare ta, sai da mai gari ya shiga maganar kafin mijin ya sauko. A makon Sa'adiya ta zauna ta tsara sabuwar ƙa'ida da Turanci: ma'aikaciya ba za ta ambaci sunan kowa ba. Za ta tambayi uba, ko uwa, ko miji, su faɗi cikakken sunan matar da bakinsu, na'ura ta naɗi muryar, sannan shafin tambayoyi ya buɗe. In an je sau biyu bai buɗe ba, na'urar da kanta za ta rufe fayil. Kwamitin ɗa'ar bincike ya yaba, har aka ce sauran sassa su kwaikwaya.

"Na isa na yi sallama," in ji Zainaba. "Ga yarinya zaune da jinjirinta, ina kallonta tana kallona. Na ce ma uwar, Inna, faɗi sunan mai jegon ga cikin abin ga. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane. Ikramu ɗiyar fari ta, Likita. Wa za ya faɗi sunanta, uwar ko uban? Mijin kuwa shina Ibadan ci-rani."

"Ƙannenta fa? Ko wata gwaggo?"

"Ukku kika lissafa. Uba, uwa, miji. Da na taɓa sa wata gwaggo ta faɗa a wani gida, ba takardar gargaɗi anka aiko min ba? Tana nan na aje, da sa hannunki mai kyau."

Sa'adiya ta tuna takardar. Ta sa mata hannu ne a tsaye, tsakanin aji biyu.

"Sha ɗayan nan naki," Zainaba ta ci gaba, "biyu sun ƙetara Nijar da anka tada garinsu. Tara ɗiyan fari na, sun taho wanka gidan iyaye bayan suna. Duk na san ƙofar gidajensu."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na rubuta a gurbin ƙarin bayani. Kowace guda na rubuta. Da yatsa guda, da idon ga nawa."

Gurbin ƙarin bayani ba ya cikin abin da aka kwaso aka yi lissafi da shi, domin kalmomi ne ba lambobi ba. Sa'adiya ce ta ce a bar shi sai an samu lokaci.

Motar ta sauka daga kwalta ta kama turɓaya. Zainaba ta juyo ta dube ta karon farko tun da suka taso.

"Ke fa, Likita, ɗiya ta nawa ce ke gidanku?"

Sa'adiya ta mayar da ido kan hanya. Shekararta arba'in da huɗu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ta Sakkwato ake ce mata a Wurno, in an ce a ajiye mata abinci ko a gaya mata an yi baƙi. Ranar da aka ba ta digirin ƙarshe tsohuwar ta zauna a gida ta turo ƙanwarta, da daddawa ƙulle a leda.

"Na sani," in ji Zainaba, ta koma kallon gonaki.

Malam Lawwali yana kan tsani yana gyaran jinkar rumbu suka iso. Ya sauko ya shimfiɗa wa Wada tabarma a zaure, matan suka wuce ciki. Matar gidan, Inna Kadijatu, doguwa ce siririya, tana tankaɗe a gindin dalbejiya. Ta amsa gaisuwa, ta kawo ruwa, ta nuna ɗaki da haɓa, ta koma kan tankaɗenta.

Ikramu tana da rai. Tana zaune a bakin gado, an jingina mata buhun gero a baya, jaririn yana barci a gefenta. Ta yi yunƙurin durƙusawa ta gaishe su, Sa'adiya ta riƙe kafaɗarta. Gaisuwar sai da ta yanke ta gida uku. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Sa'adiya ta danna babban yatsa a ƙwaurin, ta ɗaga, ramin ya tsaya. Ta ƙirga bugun hannu, ɗari da goma sha takwas. Ta sa abin saurare a bayanta, huhun duka biyu suna ƙara kamar ana murza leda. A bakin ƙofa ga ƙwarya rufe da faifai, ta buɗe, kunun kanwa ne da sauran ɗumi. A bayan ɗaki kuma tukunyar wanka tana kan murhu.

"Har yanzu ana wankan?"

"Sanyi ya kama ni," in ji Ikramu. Ta ja numfashi. "Shi ya sa... ba a bari ba."

"Maigidanki ya zo tun da kika haihu?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai ruwa ya sauka. Shuka."

Ba sabon ciki ke nan; wannan kaɗai ne labari mai daɗi da Sa'adiya ta ji a makon. Ta zaro takarda da biro daga jaka, ta fara tambaya. Yaushe aka fara haki? Ikramu ta ce an daɗe. Tari fa? Shi ma an daɗe. Kowace amsa tana cin numfashi biyu, har Sa'adiya ta yi niyyar bari. Sai murya ta zo daga tsakar gida. Inna Kadijatu ta matso da tankaɗenta kusa da ƙofar, ta ba ɗakin baya.

"Kwana arba'in da ɗaya ke nan ba a kwanta ba," ta ce, kamar da rariyar take magana. "Zaune ake har asuba. Tari ya riga kumburi da kwana tara. Ƙahwar hagu ta hwara. Da ana kai ga rijiya a dawo, sannan sai ƙohwar gida, tun Lahadi ko bayan ɗaki sai an tsaya sau biyu. Tuwo loma huɗu, in an matsa biyar. Hitsari sau biyu a yini, jiya sau guda, kuma ja."

Sa'adiya tana rubutawa da sauri. Shekara uku tana karanta fom, ba ta taɓa samun tarihin ciwo mai kyan wannan ba. Ta ɗago ta dubi Ikramu. Yarinyar tana kallon ƙafafunta, ba ta nuna ta ji komai ba.

Sa'adiya ta ba ta ƙwayar rage ruwa daga cikin waɗanda Marwan ya haɗo ta da su, ta ce a sauke tukunyar wanka, a zubar da kunun. Sannan ta fita zaure ta durƙusa daga gefe, ta gaya wa Malam Lawwali cewa zuciyar 'yarsa ta gaji, ruwa ya taru a huhunta, kuma abin da take buƙata babu shi a Isa. Yau za a tafi da ita Sakkwato.

Ya saurara har ta gama, yana murza igiyar jinka a hannu.

"Likita, mun gode da tattaki. Amma matar mutane ta. Amana anka ba mu, wanka taz zo. In za a kai ta wani gari, sai da izinin mijinta."

"Wayarsa a kashe take, Malam."

"Akwai ta abokinai."

Ya aika aka karɓo lambar daga maƙwabta, an rubuta ta a bayan kwalin shayi. Waya ba ta kamawa a cikin garin sai a kan tudun bayan masallaci. Wada ya hau tudun. Ya dawo ya ce ta shiga ba a ɗauka ba. Ya koma. Ya dawo ya ce abokin ya ɗauka, ya ce Anas, mijin Ikramu, yana can cikin kasuwa suna sauke buhunan albasa, sai an tashi zai gan shi. Aka kira azahar, maza suka tafi suka dawo. Wada ya nuna mata agogon hannunsa daga nesa, ɗaya da minti ashirin.

Sa'adiya ta sake durƙusawa. Gwiwoyinta suna ciwo, rabonta da abinci tun shayin asuba.

"Malam, tun wata huɗu ya kamata in zo gidan nan. Mun ɗauki hoton zuciyarta, ciwon yana ciki, ba mu duba da wuri ba. Da aka zo neman ta kuma, wata doka da ni na kafa ta hana a rubuta cewa an gan ta. Laifina ne, ba na kowa ba. Amma in na tafi na bar ta, ban san ranar da hanya za ta sake barina in dawo ba."

"Allah ya riga ya rubuta, Likita. Ba mu riƙe ki da komi ba. Ki bar muna maganin. In yaron ya kira da dare, gobe ni da kaina za ni sa ta motar kasuwa."

Ta san motar kasuwa: mutum huɗu a kujera ɗaya, awaki a baya, awa biyar. Ta kuma san ƙwayoyin da ke jakarta za su rage ruwan, ba za su gaya mata abin da ke faruwa da ƙodar yarinyar ba. Ta fara lissafin yadda za ta rubuta wa Zainaba ƙa'idar shan su, domin ba ta ga wata ƙofa ba, kuma ta gaji da magana.

Labulen ƙofar cikin zauren ya motsa. Inna Kadijatu ce, ta sa mayafin unguwa, ta goya jaririn, ƙunshin kaya a ka. Ba ta dubi mijinta ba. Ta karkata kai ta kafaɗa tana magana da jikan, da muryar wasan kaka.

"Maigida, ka tashi? To tambayi abokinka can. Ranar da za a gina kabari a gidan ga, Ibadan za a aika neman izini?"

Wada ya mayar da ido kan takalminsa. Malam Lawwali ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya naɗe ta a hankali har ƙarshe, ya ajiye a kan tabarma.

"Ku tahi," ya ce. "Ni za ni yi magana da Anas."

Zainaba ta leƙo ta bayan Inna, tana riƙe da hannun Ikramu. Ta dubi ƙunshin da mayafin.

"Inna, ke da kanki za ki? Ba gwaggonta za a kira ba?"

"Ni maigidana nike rakiya. Ya ce bai san Sakkwato ba, kar 'yan birni su ƙwace min shi."

Ƙarfe biyu saura minti goma suka tashi. Inna ta zauna gaba kusa da Wada, jaririn a cinyarta, fuskarta ga hanya. Ikramu tana baya a tsakiya, an cusa mata ƙunshin kayan don ta zauna a miƙe. In motar ta faɗa rami sai ta runtse ido ta buɗe baki. Sa'adiya ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirga.

"Maigida," in ji Inna can, ba ta waiwayo ba, "gaya wa uwarka ta jingina da kyau. Kuma a sauke gilashin nan, iska ya shiga."

Aka sauke gilashin.

A bayan kasuwar Isa suka ajiye Zainaba. Sa'adiya ta fito ta raka ta taku biyu, ta tambaye ta sauran takwas ɗin.

"Rukayya ta gidan maƙera an rufe ta tun kafin azumi. Kumburi. Firdausi ma haka, bayan Sallah, ita ta bar tagwaye. Shida ban sani ba, ban koma ba." Ta gyara mayafi. "In za ki dawo, ki taho da takarda da biro. Ki bar min na'urar nan Sakkwato ta huta."

"Ranar Litinin, in hanya ta yi kyau."

"Kowa haka shika cewa, ɗiyata. Allah shi kai ku lahiya."

Sai da suka wuce Sabon Birni waya ta kama sosai. Sa'adiya ta kira Farfesa da hannun hagu, na dama yana kan yarinyar.

"An same ta?"

"An same ta. Tana motar. Farfesa, ba za a aika rahoton ranar Juma'a ba."

Ta gaya masa a taƙaice. Rahoton ya ce mata bakwai suka rasu, yanzu tara ne aƙalla, kuma shida ba a san halinsu ba. Waɗanda aka rasa ɗin kuwa su ne masu haihuwar fari da suka koma hannun iyayensu, inda aka fi tsananta wanka da kunu, wato su ne ainihin matan da aka yi binciken dominsu. Tana jin ƙarar fankar ofishinsa ta cikin wayar.

"Kwamitin nan ba zai sake zama ba sai baɗi, Sa'adiya."

"Na sani."

"Kuma sai kin rubuta wa kwamitin ɗa'a cewa ƙa'idar da suka yaba ita ta jawo."

"Za ni rubuta."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ku iso lafiya tukuna."

Rana ta yi ja suka shiga asibitin. Marwan yana jira da keken marasa lafiya. Ya ɗora na'urar a ƙirjin Ikramu tun kafin a samo mata gado, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo da shi wajen Sa'adiya. Ba ta iya karanta hoton kamar shi ba, amma ta ga bangon zuciyar da ƙyar yake motsi.

"Kashi sha tara," ya ce a hankali. "Za mu cire ruwan, gobe war haka za ta iya kwanciya. Ko zuciyar za ta dawo, wata shida ne za su nuna. Wasu suna dawowa." Ya naɗe wayar na'urar. "Mijin kuma, duk ranar da ya zo, a kawo mini shi kafin ya gan ta."

Aka tura keken ciki. Wata nas ta ce a je a buɗe kati. Sa'adiya ta raka Inna Kadijatu zuwa tagar, domin tsohuwar ba ta taɓa shiga gini mai hawa ba, tana ta bin bango da jikan a bayanta. Ma'aikacin tagar ya jawo sabon kati bai ɗago ba.

"Mama, ke ce uwarta?"

Inna ta ɗaga kai kaɗan.

"Sunan marar lafiya?"

Ta sa hannu baya ta gyara zanen goyon. Ta sake gyarawa. Mutumin ya ɗago, ya ɗauka ba ta ji ba ne, ya ƙara murya.

"Mama, sunanta nake tambaya!"

"Ikramu Lawwali," in ji Sa'adiya. "Kamarawa, ƙaramar hukumar Isa."

Ya rubuta. "Shekara nawa?"

Sa'adiya ta buɗe jaka za ta duba takardarta.

"Ashirin da biyu," in ji Inna, idonta a kan ƙafar jaririn da ta leƙo ta gefen zane. "Da wata bakwai."